Kamazurun roba ko na fata: Abin da mahayan dawaki a Diffa za su duba kafin su saya

A garin Diffa da ƙauyukan da ke bin gaɓar kogin Komadugu, mutum kan kashe kuɗi mai yawa a kan sirdi da jalala da likkafa, alhali ransa yana rataye ne a kan wata 'yar igiya da faɗinta bai kai yatsu biyu ba.

Ita ce ke haɗa hannunsa da bakin doki. Idan ta tsinke ana tsakiyar sukuwa, ko ta suɓuce daga tafin da ya jiƙe da zufa, babu wani abu a jikin dokin da zai maye gurbinta.

Galibin mutane "linzami" suke kiran kayan kan doki gaba ɗaya. Sai dai a wajen masu dawaki kowane yanki da sunansa. Linzami shi ne ƙarfen da ke cikin baki, ragama ita ce ta ja da ɗauri, igiyar da mahayi ke riƙewa kuma ita ce kamazuru.

Shekaru aru-aru badukai ne ke yin kamazuru da fata, talaka kuma ya tufka nasa da kaba ko zare. Daga baya igiyar nailan ta shigo kasuwa saboda araha. Yanzu kuma matasan da ke kallon tseren dawakin ƙasashen waje a wayoyinsu sun san wani samfuri na daban, wato kamazurun roba mai ƙuraje-ƙuraje, wanda ba ya santsi ko an jiƙa shi.

Abu ne mai amfani, amma an ƙera shi ne don wata ƙasa mai sanyi da ruwan sama, da kuma wani irin linzami da ya sha bamban da na gargajiyar Barno da ƙasar Hausa. Wanda ya saya bai san wannan ba, ko dai ya yi asarar kuɗinsa cikin bazara ɗaya, ko ya ɓata bakin dokinsa.

Doki ba baƙo ba ne a nan

Kwarin Komadugu tsakiyar tsohuwar daular Barno ne. Birnin Gazargamu, wanda Mai Ali Gaji ya kafa a ƙarni na 15, yana kusa da wannan kogi a ɓangaren da yanzu yake jihar Yobe ta Najeriya, ba nisa da Gaidam. Daga can ne Mai Idris Aloma ya riƙa fita yaƙi da rundunar barade a ƙarni na 16, kuma birnin ya ci gaba da zama hedikwata har zuwa 1808.

Matafiyin nan Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya rubuta a farkon ƙarni na 16 cewa sarkin Barno kan ba fataken Arewacin Afirka bayi 15 zuwa 20 a kan doki guda. Tare da dawakin ne kayan hawa da sunayensu suka ƙetaro Sahara, shi ya sa kalmomin linzami da sirdi da likkafa duk asalinsu Larabci ne.

A 1823, lokacin da Turawan Birtaniya Denham da Clapperton suka gangaro ta yammacin Tafkin Chadi suka haye wannan kogi, mahaya sanye da sulke ne suka tarbe su kafin su shiga Kukawa wajen Shehu al-Kanemi.

Har yau doki na da matsayinsa a tsakanin Barebari da Fulani da Larabawa da Hausawan jihar. Da shi ake hawan sallah da na angwanci, da shi ake tarbar manyan baƙi, kuma daga sarki zuwa bulama, ɗaure doki a ƙofar gida alamar girma ce. Makiyayi kuma da shi yake bin sawun garke.

Rikicin Boko Haram ya taɓa har wannan fanni. Bayan hare-haren ranar 6 ga Fabrairun 2015 a Bosso da Diffa, gwamnatin Nijar ta kafa dokar ta-ɓaci a jihar, aka haramta hawan babura, lamarin da ya mayar da mutanen karkara da dama ga ƙafa da amalanke da dabbobi. A tsallaken kogi kuma, a watan Satumban shekarar, sojojin Najeriya suka hana hawan doki a jihar Borno saboda mahara sun koma amfani da shi.

Ke nan wanda ya riƙe doki a wannan yanki cikin shekarun nan ya sha wahalar riƙonsa, ga tsadar harawa da dusa. Irin wannan mutum bai kamata igiyar banza ta kayar da shi ba.

Me ke cikin robar?

Abu na farko da mai saye zai sani shi ne, robar da yake gani riga ce kawai. Ba ita ke ɗaukar ƙarfin doki ba. A cikinta akwai fata ko kuma saƙaƙƙen nailan irin na bel ɗin kujerar mota, kuma wannan na cikin shi ne ainihin kamazurun.

Ana zura rigar robar a kan sashen da hannu ke riƙewa, a ɗinke ta, a bar fata tsirara a ƙarshen da ke shiga zoben linzami da kuma tsakiya inda ɓangarorin biyu ke haɗuwa.

Dalilin ƙirƙiro shi a bayyane yake. Fata idan ta sha ruwan sama ko kumfar zufar wuyan doki sai ta yi sulɓi kamar sabulu. Masu tseren dawaki a Ingila da Ireland, waɗanda rabin shekararsu cikin yayyafi suke, su ne suka fi rungumar roba, kuma har yanzu ita ce a hannun kusan duk mahayin tsere a duniya.

Garin Walsall na Ingila ya yi suna wajen ɗinka irin waɗannan kaya masu tsada. Masu araha kuwa akasari daga Kanpur ta Indiya da kuma Pakistan da Chaina suke fitowa, kuma a cikinsu akwai nagari akwai na yasarwa.

Akwai mai roba ciki da waje, akwai wanda aka yi wa roba a fuska ɗaya kawai aka bar ɗayar fata. Akwai na saƙa wanda aka cusa siraran zaren roba a cikin saƙarsa. Sai kuma wani da ba shi da fata ko kaɗan, saƙa ce aka narka mata leda mai kauri a jiki, wanda aka fi sani da sunan kamfanin Amurka mai yin sa, BioThane. Wannan na ƙarshe ba ya shan ruwa, ba ya ruɓewa, gara ba ta cin sa, shi ya sa masu tseren dogon zango suka fi son sa.

Rana ita ce babbar abokiyar gaba

A watannin Afrilu da Mayu zafi a Diffa kan wuce maki 40 a ma'aunin Selshiyos. Ruwan sama kuma bai cika wuce milimita 300 ba a shekara, mafi yawansa tsakanin Yuli da Satumba. Wato matsalar da aka ƙera robar dominta 'yan watanni take yi a nan, matsalar da ke kashe roba kuwa kusan kullum tana nan.

Duk wanda ya taɓa barin silifa ko tiyo a tsakar gida ya ga abin da rana ke yi musu. Hasken rana da zafi suna karya ƙwayoyin roba, sai ta bi ɗaya daga hanyoyi biyu. Ko ta bushe ta tsattsage ta riƙa zuba kamar gari, ko ta yi laushi ta koma danƙo tana manne wa hannu. Robar da ake tatsa daga itace ta fi kama hannu, amma ta fi saurin mutuwa a rana. Wasu nau'o'in ta masana'anta sun fi jurewa.

Haɗarin shi ne yadda rigar ke ɓoye abin da ke faruwa a ciki. Da zarar ta tsage, zufa mai gishiri da ruwa za su riƙa shiga suna kwanciya a kan fatar, ba iskar da za ta busar da su. Daga waje kamazurun zai yi kama da lafiyayye, a ciki kuwa fata da zaren ɗinki sun riga sun ruɓe. Na fata zalla ba ya yin wannan yaudara, domin duk inda ya fara lalacewa ido zai gani.

Wannan ba ya nufin roba ba ta da rana a kwarin Komadugu. Dokin da ya yi sukuwa a bazara wuyansa kumfa yake yi, hannun mahayi ma haka. Kogin kuma, wanda ruwansa ke zuwa daga kogunan Haɗeja da Jama'are, yana kai ƙarshen cikarsa ne bayan damina ta wuce, a watannin ƙarshen shekara. A shekarun da ya yi ambaliya, kamar 2019 da 2022, gonakin tattasai da hanyoyin ƙauyuka sun daɗe cikin ruwa da taɓo. Mai bin irin waɗannan hanyoyi a kan doki ya san amfanin igiyar da ba ta zamewa.

Roba ta kuma fi na saƙar auduga ko ulu ta wata fuska da duk mutumin Manga zai gane: ƙarangiya ba ta kama ta.

Abu na biyu da ke kashe ta shi ne mai. Al'adar masu dawaki ce su shafe kayan fata da man shanu ko man gyaɗa ko man kaɗanya don su yi laushi, kuma daidai ne ga fata. Amma idan yaron barga ya bi kamazurun roba da wannan mai tun daga farko har ƙarshe, robar za ta kumbura ta yi yauƙi, abin da aka saye ta dominsa ya tafi. Baƙin man inji da kananzir da fetur sun fi muni.

Ruwa da ɗan sabulu sun ishe ta. A shanya a inuwa, a rataye a kan abu mai kauri kada a ninke. Ƙusa a ƙarƙashin rufin kwano, ko kusa da janareta, wurare ne da ke rage mata kwana. Mai kuma a tsaya da shi a kan sassan fata kaɗai.

Gwajin da za a yi a gaban mai kaya

Babu buƙatar wata na'ura. Hannu da ido da ɗan ruwa a buta sun wadatar, muddin mai kaya ya yarda a taɓa. Idan bai yarda ba, wannan ma amsa ce.

A fara da lanƙwasa sashen robar sosai, a duba bayan lanƙwasar cikin haske. Idan ƙananan tsaga suka buɗe, robar ta tsufa, ko da kuwa sabuwa ce a leda. Kayan da suka daɗe a sito ko a kwantena kan mutu tun kafin a ɗora su a kan doki. Haka ma na gwanjo da ke fitowa daga hannun masu tsere, domin ba kasafai mai tsere ke rabuwa da kamazurun da yake da sauran amfani ba.

A goga babban yatsa da ƙarfi a kai. Bai kamata ya bar baƙi a yatsa ba, bai kamata ya manne ba, kuma bai kamata ƙurajen su ɓare ba.

Sannan a riƙe fatar da hannu ɗaya, a murɗa robar da ɗaya. Idan rigar tana juyawa a kan abin da ke ciki, ko tana zamewa gaba da baya, ɗinkin bai kama ba. Irin wannan ranar da doki ya fizge kai, rigar ce za ta rage a hannu.

A ja shi da ƙarfi tsakanin hannu biyu. Na ƙwarai ba ya miƙewa. Wanda ya miƙe kamar danƙon harbi ba shi da komai a ciki, ko kuma abin da ke ciki ya tsinke. Akwai kuma masu araha da ake yi da gurzajjen garin fata da aka manne da gam. Ana gane su a bakin yanka, inda za a ga kamar kwali maimakon jijiyoyin fata.

Daga nan a jiƙa hannu a riƙe, wani ya ja ɗaya ƙarshen. Nan ake bambanta roba da leda mai ƙyalli, domin wata ledar idan ta jiƙe ta fi fata sulɓi.

Wurin da ya fi cancantar a daɗe ana dubawa shi ne ƙarshen da ke naɗe zoben linzami. A nan akasarin kamazuru ke tsinkewa, saboda a nan fata ke gogar ƙarfe, a nan yawun doki ke jiƙa ta, a nan kuma aka ninke ta. A buɗe ninkin a duba cikinsa. Ɗinki ya kasance yana bin tsawon igiyar. Wanda aka yi a gicciye daga gefe zuwa gefe ya jera ramuka a layi ɗaya, kamar takardar rasit da aka huda don a yage. A aiki mai kyau ana samun ɗinki uku zuwa huɗu a kowace santimita, a jere, ba zaren da ya tashi.

Game da abin da ke riƙe shi a jikin zoben, maɗauri irin na bel ko kuma naɗi na fata sun fi aminci. Ƙugiya mai sifirin tana da saurin sawa da cirewa, amma rairayin Manga na shiga sifirin ɗin ya cije, kuma ƙarfe a kan ƙarfe yana kaɗawa har cikin bakin doki. Wanda ke da maganaɗisu ya gwada ƙarfen. Idan ya kama shi tam, akwai yiwuwar baƙin ƙarfe ne aka yi wa wanka, kuma damina ɗaya za ta fito da tsatsarsa. Tagulla da yawancin ƙarfen da ba ya tsatsa ba sa kamuwa haka.

Faɗin da aka saba yi shi ne milimita 13 da 16 da 19, na 'yan tsere kuma kan kai 25. Mahayin gargajiya hannun hagu kaɗai yake riƙe kamazuru da shi, dama na ɗauke da bulala ko mashi ko takobi. Igiya biyu masu kaurin roba a tafi ɗaya, idan faɗinsu ya yi yawa, yatsu ba za su rufe a kansu ba. Mai milimita 16 ya ishi yawancin manya, yaro kuma 13.

Tsawon da ake yi wa manyan dawakin Turai santimita 137 ne kowane ɓangare, na ƙuru kuma wajen 122. Dawakin wannan yanki ba su kai na Turai tsawon wuya ba, don haka mai tsawon kan bar rara tana reto har ta kusa likkafa, inda ƙafa za ta iya shiga. Ma'aunin da ya fi sauƙi shi ne mahayi ya zauna a sirdi, doki ya sunkuya ya sha ruwa ba tare da ya jawo shi gaba ba, kuma idan ya ɗaga kai rarar ba ta kai ƙafa ba.

Saura zaɓi tsakanin mai fata a ciki da mai nailan. Nailan ba ya ruɓewa kuma da wuya ya tsinke, wanda alheri ne a lokacin sukuwa. Amma idan mahayi ya faɗi igiyar ta naɗe masa hannu, ko doki ya taka ta ya firgita, wannan ƙarfin ne zai koma masifa. Shi ya sa masu kyau ke barin guntun fata a ƙarshe ko a tsakiya, wanda zai yanke kafin ƙashi ya karye. Saboda wannan dalili ne kuma ba a naɗa kamazuru a hannu, ba a kuma ɗaure doki da shi a turke. Wannan aikin ragama ne.

Bakin doki

Nan ne mai tallan kaya a Facebook ko WhatsApp ba zai ce komai ba, kuma nan ne maganar ta fi nauyi.

Linzamin da 'yan tseren Turai ke haɗawa da kamazurun roba ƙarfe ne mai gaɓa a tsakiya da zobe a kowane gefe. Ƙarfin da hannu ya ja, shi ne ke isa baki, ba ƙari. Da irin wannan mahayi kan riƙe igiyar a miƙe tun daga tashi har ƙarshen tsere, dokin ma yana jingina a kanta.

Linzamin gargajiya na Barno da ƙasar Hausa, wanda samfurinsa ya zo daga Arewacin Afirka, wani abu ne daban. Yana da harshen ƙarfe da ke kwance a cikin baki, wanda ke miƙewa ya doki ganɗa idan an ja. Yana da zobe da ya zagaye haɓar ƙasa, ga kuma ƙafafu da ke ninka ƙarfin hannu. An ƙera shi ne don barade, domin doki ya tsaya cak daga cikakken gudu, ya juya a wuri ɗaya. Zamiyar da ake yi a gaban sarki ranar sallah, da wannan linzami ake yin ta.

Gwanin mahayi a sake yake riƙe igiyar irin wannan linzami. Yana juya doki da jingina ta a wuya da kuma ƙafa, ja kuma sai idan ya zama dole, shi ma ɗan kaɗan a saki. Wurin da ƙarfen ke zama fili ne da ba haƙori, tsakanin haƙoran gaba da turame, inda siririn dasashi kawai ya rufe ƙashi. Jinin da akan gani gauraye da kumfa a bakin wasu dawaki bayan hawa daga nan yake fitowa, kuma ba alamar jarumta ba ce.

Fata tana da wani rangwame da ba a lura da shi. Idan doki ya yi tuntuɓe ya miƙa wuya don ya tsayar da kansa, ko sabon mahayi ya firgita ya ƙanƙame, takan ɗan zame tsakanin yatsu, wannan zamewa kuma ita ke rage wa baki azaba. Roba ba ta yin haka. Duk abin da hannu ya yi, da gangan ko cikin kuskure, sai ya isa. Ga ta kuma da nauyi, ta yadda ko retonta kaɗai yana motsa linzami mai ƙafafu.

Sakamakon ba a baki kaɗai yake tsayawa ba. Dokin da ke jin zafin linzami yakan riƙa wurga kai, ko ya miƙe tsaye a kan ƙafafun baya, kuma dokin da ya miƙe aka ci gaba da jan sa yana iya kifewa ta baya a kan mahayinsa, ga sirdin gargajiya mai tudu gaba da baya. Wani kuma bakin ne ke mutuwa, ya daina jin linzami gaba ɗaya, darajarsa a kasuwa ta faɗi.

Saboda haka kamazuru mai roba ciki da waje ya fi dacewa da matashin da ke tsere ko kilisa da linzami mai sauƙi. Wanda zai ci gaba da linzamin gargajiya, musamman yaron da ke koyo, ya fi masa alheri ya tsaya a kan fata ko mai roba a fuska ɗaya. Idan kuma ya nace, to ya koyi buɗe yatsu da kansa a duk lokacin da doki ya nemi wuyansa, a gangara ko a taɓo ko a bakin ruwa.

Hannun mahayin ma yana da nasa rabon. Ƙurajen roba na gurje tsakanin yatsu a doguwar tafiya, baƙar roba da ta sha rana kuma tana ƙuna. Wasu 'yan tseren waje da safar hannu suke riƙe ta.

Abin da baduku zai iya

Kafin a san roba, badukai sun daɗe da nasu maganin santsi. Kamazurun da aka kitsa da siraran fata, ko aka yi masa ƙulli-ƙulli a tazarar tafin hannu, yana kama hannu ko da ya jiƙe. Turawa ma suna da irinsa, suna ɗinka 'yan guntayen fata a gicciye a kan saƙa don yatsu su sami matokara. Fatar da majema suka jeme da bagaruwa, idan tana samun mai a kan kari, tana jure zafin da roba ba za ta jure ba, kuma idan ta lalace akwai mai gyara a gari.

Batun gyara ba ƙarami ba ne ga mutumin Diffa. Daga nan zuwa Yamai kimanin kilomita 1,360 ne, zuwa Damagaram kimanin 470. Kayan da ke fitowa ta Kano ko Maiduguri kuma sun dogara da halin da iyaka ke ciki, wadda Najeriya ta rufe daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Wanda ya yi odar kaya ta waya ya ga ba su yi ba, da wuya ya sami hanyar mayarwa.

Akwai dabarar da wasu ke yi ta yanka robar cikin taya su naɗe kamazurun fata ko na nailan da ita. Tana kama hannu kuma kusan kyauta ce. Aibinta shi ne ba ta daɗewa a rana, kuma tana ɓoye ruɓa kamar yadda ta kanti ke yi, sai dai ita ana iya warware ta a duba a sake naɗa sabuwa.

Kamazurun kanti da rigarsa ta mutu amma cikinsa na da rai, ana iya sake masa riga. Masu wannan sana'a a Ingila ba sa son maimaita hakan fiye da sau ɗaya ko biyu, domin kowane sabon ɗinki ƙarin ramuka ne a jikin fatar, sai dai idan basilla ta bi tsofaffin ramukan.

Aikin da ya fi sauƙi, wanda kowane baduku a Diffa ko Maine Soroa ko N'Guigmi zai iya, shi ne sabunta ƙarshen da ke naɗe zoben linzami. A yanke santimita kaɗan da suka gurje, a ninka sabon wuri, a ɗinke a tsaye da zare mai kakin zuma. Sau da yawa wannan ƙarshen ne rauni a kayan Indiya masu araha, alhali robarsu da saƙar cikinsu ba su da laifi, don haka wasu mahaya kan fi samun riba idan suka sayi mai matsakaicin kuɗi suka kai a sake masa fatar gida tun yana sabo.

Lokacin yin wannan shi ne makonni kafin sallah, domin a satin hawa badukai ba su da sararin duba ɗinkin kowa.